Tukunya Ce Ta Zaɓa

Sallau ya karɓi albashinsa na fari,
ya ce, Inna, yafa gyale, Alaba muka nufa.
Rishon nan ya isa hutu,
ya ci lagwani, ya ci bango da baƙi,
har miyar kuka ta koyi warin kananzir.
Ban yi musu ba.
Na naɗe tukunyar tuwona a tsohon zani,
na rungumo ta tun daga Agege,
kwandasta na harara, wai sai na biya mata kujera.

Shagon Ikenna sai ƙyalli.
Ya fara nuna mini wani baƙin gilashi sumul,
ba harshen wuta, ba hayaƙi,
ba ko ramin da za ka ce nan ne murhu.
Wai maganaɗisu ke girki.
Na ce to, na kwance zani, na ɗora.
Ya yi tsuwa sau biyu, ya yi gum.
Mama, in ji shi, ba ya shiri da dalma,
sai ƙarfe mai shafaffen gindi.
Shekara ashirin da bakwai tana ciyar da gida,
yau faranti ya ce bai san ta ba!

Na biyun mai zobe ne, yana ja kamar garwashi,
ba ya tambayar asalin tukunya, na yaba masa.
Sai na tuna layinmu:
lantarki ya zo da asuba, kafin hantsi ya yi sallama,
mita guda, ɗaki tara,
ga Iya Risikatu mai gida
tana ƙirga kowace fitila da ido.
Tuwo ba ya jiran a dawo da wuta.
Bar shi tsakanin talge da tuƙi,
gudaji ne rabonka.

Saura gas.
Nan zuciyata ta ja da baya,
na sha jin labari, kuma ina da jikoki.
Ikenna bai yi dariya ba.
Ya kaɗa ruwan sabulu, ya shafa a bakin tiyo,
ya ce duba: in ya yi kumfa, rufe, buɗe taga,
kar a kyasta ashana.
Hanci ma mai gadi ne, in ba a raina shi ba.

Sallau ya maƙale wa mai kai huɗu,
da tanda a ciki, da murfi kamar mota.
Na ce ɗan nan, ka manta kicin ɗinmu?
Taku biyu ne da rabi,
in na juya, gwiwar hannuna ta gaida maƙwabciya.
Akwai mai fuskar gilashi, kyakkyawa,
na zaro muciya daga jaka,
na dafe tukunya, na tuƙa iska da ƙarfin gaske.
Ya girgiza. Ikenna ya riƙe numfashi.

Can ƙasan kanta, ƙura ta ɗan hau shi,
wani mai kai biyu, ƙafafun baƙin ƙarfe,
ba ado, ba madubi.
Tukunya ta zauna daram
kamar ta iso gidan ƙanwarta.
Na tuƙa, bai motsa ba.
Na ce a ɗaure.

Mun dawo cikin ruwan Legas
mai jiƙa gawayi har cikin buhu.
Da magariba shuɗiyar wuta ta tashi shiru,
gindin tukunya bai yi baƙi ba,
ni kuwa idona bai yi hawaye ba,
har na rasa abin da zan ɗora wa laifi.

Kurfoti yana nan don tandar waina ranar Juma'a.
Rishon ma ban bayar ba,
na goge shi, na tura ƙarƙashin gado.
Gas ba ya sallama in zai ƙare,
kuma wanda ya raka ka dare
ba a yi masa butulci don gari ya waye.