Kujera ta Bakwai

Na bar Abuja da asuba, direba na hamma,
wayoyi biyu na kuka a jaka, na ƙyale su.
Akwanga ta wuce, muka kama Hawan Kibo,
kunnena ya toshe kamar yadda ya saba tun ina yarinya,
sanyin Jos ya leƙo ta taga ya ce, Kande, kin dawo?

A ofis ba mai kira na da wannan suna.
Can ni ce shugaba, ma'aikata ɗari da sittin,
na'urori a ɗakin sanyi na gadin kuɗin mutane.
Nan kuwa kujera ta bakwai ce tawa,
ta roba, an ɗaure ƙafarta guda da waya,
a benen bayan Taminus, saman shagon mai fenti,
inda kwamitin ƙungiyar masu sana'ar fasaha
na Filato da maƙwabta ke zama duk farkon wata.

Davou ya karanta bayanin zaman baya, ya tsallake shafi.
Hajiya Ladidi ta buɗe littafin kuɗi:
kamfani arba'in da ɗaya a rajista, sha uku suka biya.
Sai aka ɗauke wuta.
Mu da ke tallar gobe ga duniya
muka zauna a duhu muna jiran mai jan janareta.
Awa guda ta tafi kan launin kalanda.
Na duba agogo, na jawo jakata.

Abin da ya zaunar da ni Malam Inuwa ne,
mai gyaran rediyo a kasuwa kafin gobara,
wanda ya miƙa wa 'yar shekara sha ɗaya ƙarfen dalma
ya ce, kar ki hura, bar ta ta kwanta da kanta.
Bai karɓi ko kwabo ba.
Ya rasu a Gangare ina wani taro a wata ƙasa,
ta'aziyya ma a waya na yi.
Bashin mamaci magada ake biya,
shi kuwa bai bar kowa ba sai yaran nan na ƙasan bene
masu buɗe cikin waya da tsinken sakace.

Na ce kowane kamfani ya ɗauki yara biyu,
wata shida, da kuɗin mota.
Na kawo sunan Nanchin ta Bukuru
mai rubuta manhaja a waya mai fasasshiyar fuska.
Alhaji Tanimu ya gyara hula:
mu rene su, Legas ta kwashe?
Na ce ni ma an kwashe ni, ga ni a kujerar roba.
Zuciya ta ɗebe ni, na ce to ni zan biya duka.

Chundung ce ta dafa mini hannu.
In ke kaɗai kika biya, naki ne,
ranar da kika gaji, ya mutu.
Bari a tara, ko da ba yawa.
Na yi shiru. A ofis ba a tsayar da ni haka.

Aka ɗaga hannu: biyar, uku, ɗaya ya fita fitsari.
Yaro guda, wata huɗu.
Ba abin da na zo nema ba ke nan,
amma Davou ya rubuta shi, bai tsallake ba.

Da yamma muka bi ta Rayfield,
na ga kududdufan da masu haƙar kuza suka bari,
sun kwashe na ciki, sun bar wa gari rami.
Na daɗe ina kallon ruwan.

Na sayi kwandon dankali a bakin hanya,
mai sayarwa ta ƙi ragi, na biya.
A gangaren Kibo kunnena ya buɗe,
na kunna waya, na sa ranar zama na gaba
kafin sauran saƙonni su shigo.