Shayin Lahadi

Shekara tara ban sha shayi ba.
Doka ce a cocin da na shiga a Samaru,
wadda mutanen gari ke ce wa ta 'yan Momon,
ni kuwa ban iya tsallake doka ba.

Samari biyu suka kawo ta shagona,
fararen riguna, ɗan baƙin allo a ƙirji,
kowanne ana kiransa dattijo
alhali gemu bai ko leƙo ba.
Suka ajiye shuɗin littafi a kan rediyon wani
da na kwance, ban gama ɗaurawa ba.

Suka ce rijiya ɗaya ce mai ruwa a duniya,
sauran duk an zuba musu ƙasa.
Na sha, na ji sanyi har ƙashi.
Na sayi littafin rubutu mai layi,
na bi tsofaffi har ƙauye ina tambayar sunayen matattu,
kakana Bamaguje, da uwarsa, da mai sunan da aka manta rabinsa,
don a yi musu baftisma can kudu,
a wani ɗaki da ban taɓa gani ba.

Ba faɗa muka yi ba.
Tambaya ce na yi wata Lahadi, hannuna a sama:
me ya sa aka daɗe ana hana baƙar fata ɗora hannu?
Aka ce in je in yi addu'a.
Na yi, wata bakwai, gwiwa har ta yi kanta,
sama ba ta ce uffan ba.

Mu uku muka fita a damina ɗaya.

Afiniki ta nufi Wusasa, ko waiwaye babu.
Ta ce, "Filibus, ni ba gardama na je nema ba.
Ran da na mutu, wa zai wanke ni?
Wa zai dafa wa 'yan makoki tuwo?
Matan zumunta sun san sunan uwata,
kuma ba su tambaye ni inda na daɗe ba."

Barnaba yana wata rumfa bayan Kwangila,
lasifika huɗu, ganga, kuka da faɗuwa.
Wai ƙafarsa ce ta yi kewar rawa,
shekarun nan na waƙa a zaune, hannu a cinya,
ba su kashe ta ba.

Ni ma na je, kada a ce ban gwada ba.
Na tsaya a ƙofa, takalmi goge,
mai wa'azi ya ɗaga yatsa ya ce, "Mu ne..."
sai cikina ya juya.
Wanda maciji ya sara, ko igiyar guga ya gani sai ya ja baya.
An koya mini raina kowace rijiya sai guda,
gudar ta ƙafe,
amma harshena bai manta karatun ba.

Yanzu Lahadi da safe ina bencin Tanimu a Sabon Gari.
Yana ɗaga kofi sama, shayi na zuba kamar zare,
ƙararrawa na tashi daga gabas, wata ta amsa daga yamma,
ni ina tsoma burodi.
Tanimu bai taɓa ce mini zo masallaci ba.
Sukari kawai yake tambaya, cokali nawa.

Jiya Ƙauna ta dawo da goggonta, bakinta cike da sabuwar waƙa.
Ta ce, "Baba, kai fa, ina cocinka?"
Na ce ina gyara.
Ta leƙa teburin shago, wayoyi a warwatse,
ta ce, "Kullum kana gyara."

Littafin matattu yana nan a akwati, ƙarƙashin farar riga.
Wani dare nakan buɗe in karanta su da ƙarfi,
Ɗanbaba, Tamu, Kande 'yar Nomau,
kamar mai kiran suna a aji.
Ba su amsa ba,
ni ma ban rufe ƙofa ba.