Mai Ƙirgan Takalma

Ban taɓa ɗana kunamar bindiga a kan kowa ba.
Shekara goma sha tara ina cikin kaki,
makamina alƙalami, da hatimin da tawadarsa ke bin yatsa har gida.
A barikin Maraɗi, ɗakin ƙarshe, kusa da famfo,
nan nake ƙirga abin da wasu za su saka su fita.

Takardar ta tashi tun rana na dukan ƙeya:
takalma ɗari shida, fata, ƙasa mai kauri, ɗinki biyu.
Ta kwana a Yamai, ta yi ƙiba da sa hannu,
ta dawo da gyara, ta koma, ta sake dawowa,
har gero ya kai gwiwa a gonakin Jiratawa.
Wanda bai iya jira ba, kada ya shigo wannan aiki.
Wanda jira kaɗai ya iya, shi ma ya ba mu wuri.

Ran Talata kamyon Alhaji Tankari ya juyo da baya.
Kwali sittin, ƙamshin sabo har cikin hanci.
Na zaro ɗaya daga tsakiya, ba na sama ba,
masu tumatir na bakin gulbi suka koya mini haka.
Na tsoma shi a bokiti, na bar shi ya kwana.
Da safe ya wage baki kamar tarwaɗa.
Manne ne. Zaren da ke gefe, kwalliya.

Alhaji bai ɓata rai ba.
Ya ce, Lajidan, ai takalmi ba ƙarfe ba ne.
Da la'asar Cima ta kira ni daga gida:
an kawo baƙo mai ƙaho, yana cin igiyar shanya.
Na ce a mai da shi kafin yara su raɗa masa suna.

Ga abin da ba a faɗa mana ba a ajin horo:
ƙin sa hannu ma yana da kuɗinsa,
kuma ba mai ƙin ne ke biya ba.
Ran Juma'a za a fita sintiri dajin Baban Rafi,
taɓo har idon sawu, ƙaya a ƙarƙashin taɓo.
Nomau ya tsaya a ƙofata, yaro ɗan Gidan Rumji,
ƙafar hagu ɗaure da wayar keke.
Bai ce uffan ba. Ya dubi kwalaye, ya dube ni.
Ga sabo a gabansa, ni na hana.

Kwana biyu muka zauna a kan buhu,
ni da shi da Ɗan Jimo baduku, da na ɗauko daga kasuwa,
muna lanƙwasa kowane, muna tsokanarsa da basilla.
Ɗari biyu da goma sha biyu suka tsira.
Ashe da gaskiya aka fara aikin,
a hanya ne wani ya ji kiran aljihu.
Su na sa wa hannu.
Sauran na rubuta: a mayar, a sake, kwana arba'in,
da tarar jinkiri, yadda shafi na tara ya faɗa.

Kumandan ya karanta, ya sauke tabarau.
Ka san ko surukin wa ne?
Na ce abin da na sani shi ne lambar ƙafar Nomau,
arba'in da uku,
kuma babu ita cikin waɗanda suka tsira.

Ɗan Jimo ne ya ɗinke masa tsohon, jaka ɗaya daga aljihuna.
Da asuba motoci suka bi hanyar kudu.
Na tsaya har ƙararsu ta narke cikin kukan kwaɗi.

Na koma ciki, na goge yatsa da tsumma.
A kan tebur wata takarda na jira:
tayoyi tamanin, kafin kaka.
Na cika bokiti, ko da yake taya ba ta tsoron ruwa,
sai na koyi inda ita kuma take ɓoye ƙarya.