Tana Tana Aiki

A lungunmu na Gwammaja ƙasa ta ƙare,
siminti ya cinye tsakar gida har bakin rariya.
Sai na jera buhuna bakwai a jikin katanga,
tumatir uku, attaruhu biyu, saura alayyafo,
duk sun ɗashe kamar masu ciwon shawara,
kuɗin takin zamani kuwa ya fi ƙarfin ɗan fanshona.

Na huda gindin tsohon baho da ƙusa,
na zuba ɓawon doya da ganyen kabejin 'Yankaba,
na ce wa ƙanena Barau:
in ka je fatsa gadar Tamburawa,
ragowar koton nan kawo mini.

Ya kawo a gwangwanin madara.
Manya ne, masu duhu, kaurin ƙaramin yatsa,
tanar fadama, kowace da ƙiba irin ta mai hali.
Na sauke su kamar baƙi, na rufe da buhu.
Kwana biyu na fito alwalar asuba,
ga su a kan siminti, sun miƙe sun sandare
kamar igiyar takalmi.
Kaji suka yi buki, ban ci ko loma ba ranar.

Barau har da riƙe ciki.
Yaya Ladidi, wannan maginiyar rijiya ce,
zurfi take so, da sanyi, da kaɗaici.
Kin ba ta ɗaki ciki ɗaya a saman baho,
yaya ba za ta yi yaji ba?

Baba Cindo mai jakin taki ne ya warware.
Ya sa sanda ya birkice tsohon kashin shanu,
sai ga wasu sirara, jajaye, masu zobe-zobe,
sun cure wuri ɗaya kamar taliyar murji.
Ya ce: ga 'yar juji, ba ta haƙa, ba ta tafiya,
inda aka zubar nan ne garinsu.
Kar ki ba ta gishiri, kar ki ba ta mai,
ɓawon lemo da albasa ki kai wani wuri.
Laima kamar tsumman da aka matse,
inuwa kamar ta mai jego.
In kin ga gwazarma, rabon kaji ne.
In kin ga tsutsar ƙuda, ke kika sa nama,
kar ki zagi kowa.

Na ba shi ɗari biyu, ya ƙi,
wai bai taɓa sayar da abin da ke ƙarƙashin kaya ba.

Daga nan shiru.
Ina barci, tana tana aiki.
Ina layin ruwa, tana tana aiki.
Ba ta da ido, ba ta da murya,
ba ta taɓa tambayar ranar albashi ba.
Wata uku na tura hannu har wuyan hannu,
na damƙo baƙar ƙasa mai laushin tsaki,
ƙanshinta na ruwan farko.
Tumatir ya ɗaga kai a mako na biyu.

Wata Asabar na ga baho a buɗe,
ga sawun silifas lamba arba'in da uku.
Da magariba Barau ya dawo, jaka a lanƙwashe,
karfasa biyu da ba su kai tafin yaro ba.
Wai jar nan tsinkewa take a ƙugiya,
ta bar masa ruwan rawaya mai wari a yatsu,
tarwaɗa ta shinshina ta juya gemu.

Na ce: ashe kai ma.

Yanzu gwangwaninsa na gindin randa, cike da laka,
bahona na bayan ɗaki, cike da ɓawo.
Ran da ya yi sa'a, shi ke kawo kifi,
ni ke tsinko tumatir,
mu haɗa su a tukunya ɗaya.
Ɓawon kuma in kwashe in kai wa masu aiki.