Littafin da Ya Raba Kan Layinmu

Kwafi ɗaya na sayo a Tsohuwar Kasuwa,
mai baƙin bango, Takalmi a Bakin Rijiya.
Na sa shi a shagona na haya, nan Mabera,
naira ɗari kwana uku.
Wata biyu ke nan, ɗinkin ya soma warwarewa.

Labarin Haliru ne, mai shagon magani,
da ya farka da asuba bai ga matarsa ba,
sai takalminta, ƙafa ɗaya, a bakin rijiya.
Shi ke ba da labarin da bakinsa.
Kana binsa kamar makaho da ɗan jagora,
sai a babi na tara ka ga ranakunsa ba su jituwa.

Arzika, tsohon ɗan sanda, ya fara maido shi,
ya buga kan benci har shayina ya zube:
"Wanga ba bincike ba ne, yaro.
Shekara talatin ina cikin kaki,
ban ga an bar rijiya ba a yashe ta ba.
Ina gawa? Ina shaida? Wa anka kama?
Da fura na sha da ɗarina, ta fi ƙosarwa."

Kulu ta karanta a aikin dare, ɗakin majinyata,
tana sauya ledar ƙarin ruwa tana komawa.
Ta ce, "Ku mai kisa kuke nema,
ni hannun mutumin nake kallo.
Sau sha ɗaya ya wanke shi, na ƙirga.
Na san irinsu. Da ciwon kai suke zo mana,
alhali abin da ke cin su ba ya gwaduwa."

Jelani ɗan kabu-kabu a shafi na sittin ya sauka.
"Ga ranar Sakkwato a ka, ga wanga a ƙwaƙwalwa?
Ya ce Talata, ya koma ya ce Laraba.
Jiya fasinja ya ce Arkilla,
ina ta tunanin takalmi na kai shi Gwiwa."

Ita kuwa Ige, 'yar jami'a,
ta cika min gefen shafi da jan biro.
A wajenta matar ba ta mutu ba,
ita ce ma ta karɓe alƙalamin tun babi na biyar:
"Wane namiji ya san inda ake ɓoye kuɗin adashe?"
Wani ya bi ƙasan rubutunta da fensir:
"Ni na sani." Bai sa suna ba.
Har yau tana bincike, kowa na musantawa.

Sai Modi tela ya zo da rantsuwa
wai an yage shafin ƙarshe, na ba shi guntu.
Muka rufe shago, mu biyu a babur ɗaya,
muka je muka buɗe sabo a gaban mai sayarwa.
Nan ya ƙare. Haliru na jan guga,
igiya ta yi nauyi, sai farar takarda.
Modi ya daɗe yana kallon farin,
ya ce, "Ko riga ba a barin ta babu kalmasa."
Bai yi min magana ba duk hanyar dawowa.

Ni sau uku na karanta.
Na farko na tsani Haliru, na biyu na tausaya masa.
Na uku, an ɗauke wuta, ina tsakar gida da tocila,
sai na tuna rigimata da yayana kan gonar Dundaye,
yadda nake ba da labarin shekara tara,
kullum ina tsallake abin da na faɗa masa a ƙofa.
Na kashe tocila. Barci ya ƙi zuwa.

Da safe na buɗe rajista.
Mutum bakwai ke layin jiran sa,
na huɗu Arzika.
Ya ce wai matarsa ke son dubawa.