Ƙulli Biyu a Zare Ɗaya

Ni tela ne a Ƙofar Wambai,
shekara sha ɗaya tef na rataye a wuyana.
Mutum ya shigo, kafin ya gama sallama
na san faɗin kafaɗarsa,
na san ko tumbi ya fara leƙowa.
Amma yatsa guda,
yatsan Barira na kusa da ƙarami,
ya mai da ni ɗan koyo.

Ta yaya zan ce kawo hannunki?
A zauren gidansu a Yakasai
tabarmata daban, tata daban,
tsakaninmu fitila da butar babanta.
In na saci kallo sanda take miƙo ruwa,
kullum kofin ya rufe abin da nake nema.

Sai na sayi ƙanwarta Ladidi
da tuwon madara.
Na yanko farin zare daga keke na ba ta:
in Yaya ta yi barci ki zagaya, ki ƙulla,
kada ki ja, kada ki saki,
kada ki yi dariya.

Kwana uku ina taka keke hankalina na can,
har na ɗinke wa wani malami aljihunsa ruf.
Ran Laraba zaren ya dawo a ledar alawa
da ƙulli biyu.
Na ce Ladidi, yatsa nawa kika auna?
Ta ce ɗaya, ta ruga.

Na shiga Kurmi ta layin masu turare
har rumfar Baba Na'iya maƙerin azurfa,
wanda tabaronsa ma da zare yake ɗaure.
Ya naɗa awona a sandar gwaji,
ya dubi ƙullin farko, ya dubi na biyu,
ya yi dariya har garwashi ya yi toka.

Ya ce wannan ba aikin yarinya ba ne,
mai yatsan ce ta ƙulla, idonta biyu.
Na kusa gindin yatsa ne, inda zobe zai zauna,
na nesa gaɓa ce, inda zai wuce,
kuma gaɓar nan ta ɗara 'yan uwanta.
In na bi ƙarami, zai tsaya a bakin ƙofa
kamar baƙon da ba a yi wa iso ba.
In na bi babba, zai shiga yana rawa,
wata rana ya bi ruwan wanke-wanke
sai dai ka neme shi a Jakara.

Na ce to wanne?
Ya ce tsakani, ɗan nan,
amma ka fi kusa da mai wuyar.
Kuma yatsa ba ya kwana yadda ya wuni,
da rana ya cika, da asuba ya rame.
Ran da Allah ya ba ta rabo za ka dawo min,
azurfa tana jin magana, ana buɗa ta.

Gwaggona ce ta kai shi cikin kayan sa rana,
ni ina shago ina sa maɓalli a ramin da ba nasa ba.

Bayan isha'i, a zaure,
ta zo babu kofi.
Ta ɗago hannun a hasken fitila,
na ga gaɓar, ta ɗan karkace kamar ƙugiyar saƙa.
Ta ce ƙyauren ɗaki ya datse ta
ina 'yar shekara bakwai.
Na so ka sani kafin ka biya.

Ta zura shi.
Ya tsaya.
Numfashina ya tsaya tare da shi.
Ta murza sau ɗaya, kamar mai buɗe kwalbar man shafawa,
ya wuce, ya zauna.

Zaren yana nan a akwatin kekena,
tsakanin allurai da alli,
ban kwance ko ɗaya ba.