Hurumi

A bakin kotun Nyala nake zama,
ni da biro da tebur mai ƙafa uku,
shekara goma sha tara ina rubuta wa mutane ƙara.

Mastura ta zo da takalmin ɗanta Siddiƙ,
wari ɗaya, na hagu.
Ranar Talata aka ɗauke shi daga shagon gyaran rediyo.
Alƙali ya ce sai an kawo wanda ake tuhuma.
Wanda ake tuhuma kuwa
shi ke gadin ƙofar alƙali.

Sai na rubuta wa kotun ƙetaren teku,
wadda aka ce ba ta tsoron kaki.
Bayan damina biyu amsa ta iso da hatimi shuɗi:
"Ku fara ƙure hanyoyin shari'ar gida,
sannan mu sami hurumi."

Sau biyu na karanta mata.
Ta dubi ginin da ke bayana.
Rufin ya ci wuta tun bara,
akuya ke kwana a kujerar alƙali,
fayil ɗin Siddiƙ, wa ya sani,
ƙila an ƙunsa gyaɗa da shi.

Ta ce, "Malam, a garinmu
hurumi inda ake binne mutane ne.
Su ma jira suke a binne shi?"

Na yi ta kaɗa biro.

Ta kwance bakin mayafi, ta ajiye kuɗin takarda.
"Sake rubutawa. Ka ce musu gidan ya ƙure."
Takalmin ta ɗora a kai,
kada iska ta kwashe.